Kafin Larabawa Su Zo, Ashe Ba a Mutuwa a Dudunni?

Jama'ar Dudunni, da ku na Kankiya da Kusada masu karanta wannan shafi don kawai ku kama ni da ƙarya, ku gyara zama. Maganar mutuwa na kawo muku yau, amma kada kowa ya ɗauko buta, ba wanda ya rasu. Kalmar za mu tona, mu ga gidan da ta fito, mu ga 'yan uwanta na jini, mu kuma ga masu yi mata shisshigin dangantaka.

Duk mai waya a cikinku ya taɓa cin karo da bidiyon nan na 'yan wasan zari-ruga na ƙasar Niyuzilan, waɗanda ake kira All Blacks, sun jeru kafin a take wasa suna zare ido, suna zaro harshe, suna dukan cinya da ƙirji kamar masu shirin shiga dambe. Rawar yaƙin mutanen Maori ce, 'yan asalin ƙasar, a harshensu ana ce mata "haka", kuma sunan wadda suka fi yi shi ne Ka Mate. To, nan fa samarinku suka tashi tsaye: wallahi Hausa ce, cewa suke yi ka mutu! Da wani ya duba ya ga lallai mate a harshen Maori tana nufin mutuwa, sai biri ya yi kama da mutum. Nan take aka yanke hukunci a majalisa cewa Maori Hausawa ne da suka tafi fatauci suka ɓace. Malaman zaure kuwa suka yi murmushin manya, suka ce yara ba ku gane ba, da mutu ɗinku da mate ɗinsu duk daga māta ta Larabci aka aro su. Sai kuma kashi na uku, dattawan da suka dube ni sheƙeƙe suka ce, mi ya kai ka tsibirin da ko a taswira sai an laluba?

Baba, kai zan fara ba haƙuri, don kai kaɗai ne ka yi tambaya mai ma'ana. Abin da ya kai ni shi ne sauran biyun duk sun ɓata hanya, kuma ɓatan nasu mai daɗin kallo ne.

Samari, ku matso. Ita waccan waƙa wani jarumin ƙabilar Ngāti Toa mai suna Te Rauparaha ya shirya ta wajen 1820, bayan ya tsira daga abokan gaba ta hanyar ɓuya a ramin ajiyar dankali. Ba wani yake yi wa barazana ba, kansa yake ji wa tsoro. Kuma ka ɗin da kuka kama kuka riƙe ba ka ɗinmu ba ce mai nuna namiji da ake magana da shi. A harshensu wata 'yar kalma ce da ake sa wa gaban aikatau don nuna aukuwar abu. Rabin hujjarku ke nan ta zube tun ba a je ko'ina ba. Saura mate.

Ita mate tana da dangi, kuma dangin ba ƙanana ba ne. Maori ba su daɗe a Niyuzilan ba in aka auna da garuruwanmu: tsakanin 1250 da 1300 jiragen ruwansu suka isa can daga tsibiran gabashin Folinesiya, lokacin da Kano ta daɗe da fara ganuwa. Da Kyaftin Cook na Ingila ya je a 1769, yana tare da wani masanin teku mai suna Tupaia da ya ɗauko daga wajen Tahiti, tafiyar kimanin kilomita 4,000. Tupaia ya buɗe baki ya yi magana, Maori suka gane shi, shi ma ya gane su, ba tafinta. Yanzu ku bi kalmar tsibiri tsibiri. A Tonga da Fiji mate ce. A Hawai make. A Malesiya da Indonesiya mati. A Filifin, masu harshen Tagalog suna ce wa matacce patay, mutuwa kuma mamatay. A Madagaska maty. A duwatsun Taiwan, mutanen Paiwan suna cewa matsay. Harsuna wajen 1,200 ne a wannan gida da masana ke kira Ostronesiya, sunan da wani Bajamushe, Wilhelm Schmidt, ya raɗa masa a 1899, kuma yawancin masana sun tsaya a kan cewa daga Taiwan aka fara watsuwa, kimanin shekara 5,000 da suka wuce.

Na ji wani daga Kusada yana cewa, to ai make ba mate ba ce. In za a yarda da make, don me za a hana mutu shiga layi? Madalla, Alhaji, ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. An yarda da make ne domin ba ita kaɗai ta yi wannan sauyi ba. Duk inda Maori ya sa t, mutumin Hawai k yake sawa. Abin da aka haramta taɓawa, Maori ya ce tapu, Hawai kapu. Mutum, tangata da kanaka. Ido, mata da maka. Uku, toru da kolu, inda za ka ƙara ganin wata doka, r ta koma l, kamar yadda biyar take rima a can lima a nan, biyu kuma rua da lua. In kuma Maori ya sa k, sai mutumin Hawai ya haɗiye ta ya bar ɗan tsayawar murya irin na sa'a da ma'ana: cin abinci kai ne a Maori, 'ai a Hawai, kifi ika ne, can kuma i'a. Ka ba ni kalmar Maori da ban taɓa ji ba, in dai ta gado ce, zan iya faɗa maka yadda za ta fito a Hawai kafin a buɗe ƙamus. Wannan shi ne dangantaka a wurin masu nazarin harshe: sauyin sauti mai bin doka, kalma bayan kalma, har ya zama ana iya yin duba da shi ba tare da an buga ƙasa ba.

Yanzu gwada wannan da Hausa mu gani. Mata a wurinsu ido ne. A wurinmu kun san ko su wa ye, kuma ba ni da niyyar shiga rigimarsu. Kai a wurinsu abinci ne, a wurinmu abin da ake sa wa hula. Rua biyu ce, namu ruwa na randa ne. Wai a wurinsu shi ne ruwan, mu kuwa da shi muke fara gulma. Sauti ya yi kama sau huɗu, ma'ana ta yi hannun riga sau huɗu, sai a karo na biyar aka yi dace ma'ana ma ta zo daidai, ku kuwa kuka ɗauki na biyar ɗin kuka kai kasuwa, kuka ɓoye huɗun a ƙarƙashin tabarma. Ba mamaki a yi irin wannan dace. Harshen Maori baƙi goma ne kacal gare shi da wasali biyar, kuma kowace gaɓa da wasali take ƙarewa, kamar yadda yawancin namu suke. In harsuna biyu suna gina dubban kalmomi da 'yan sautuka kaɗan, abin mamaki shi ne a rasa wadda ta zo ɗaya. A Ostireliya akwai wani harshe, Mbabaram, da kalmarsa ta kare ta zo daidai da ta Ingilishi harafi da harafi, kuma masanin da ya yi aiki a kansa, R. M. W. Dixon, ya nuna daga tsohuwar kalmar harsunan yankin ta fito, ba ruwanta da Ingila.

Ga kuma inda zancen naku ya mutu murus. Masana irin su Otto Dempwolff, wanda ya fitar da babban aikinsa tsakanin 1934 da 1938, da Robert Blust na Jami'ar Hawai, wanda ya rasu a 2022, sun bi kalmar baya har kakanta, suka tarar ashe ma ɗin da ke farkon mate ɗafi ce aka liƙa. Tushen wani abu ne mai kama da atsay: a sa masa ma ya ba da mutuwa, a sa masa pa ya ba da kisa. Shi ya sa har yau Tagalog ke da patay da mamatay gefe da gefe. Wato m ɗin nan da kuka ɗora duk gininku a kanta ba ta cikin tushen kalmar ma. A Hausa kuwa cire m daga mutu ka ga abin da zai rage maka. Kalmomin da suka fito gida ɗaya, in ana komawa baya ƙara kama suke yi; waɗannan biyun kuwa, kowane taki aka yi baya sai su ƙara nisa da juna. Ko alƙalin da ya fi kowa sassauci ba zai raba gado da baƙon da aka tsinto a kasuwar Caranci don hancinsa ya yi kama da na mamaci ba; zai ce a kawo shaidun nasaba. Kama da Wane ba ta Wane.

Na san abin da Malam zai ce, don na ga ya gyara rawani: wa ya ji wannan atsay ɗin da kunnensa? A wane allo aka rubuta ta? Shekara 5,000, ba takarda ba tawada, sai ku zauna a ofis ku ƙaga kalma ku ce ta kakanni ce?

Allah gafarta Malam, amsar tana bakinka. Faɗi zuciya, sannan ka faɗi jam'inta. Zukata. Daga ina k ta ɓullo? Faɗi Buzu, faɗi Bugaje. Daga ina g ta fito? Talaka, amma talauci. Ina k ta tafi? Juji, amma jibaje. Mai hankali da bai taɓa jin tsohuwar Hausa ba, in ya jera waɗannan, zai ce lallai da can akwai baƙi a ƙarshen gaɓa, ya narke ya koma u. Wani Bajamushe, August Klingenheben, ya tsara dokar nan a rubuce wajen 1928, har ana kiranta da sunansa. Kuma ba sai an tono kabarin kowa ba don a tabbatar da hasashen, domin ku Katsinawa kun adana wani ɓangare na shaidar a bakinku. Inda Bakano ya ce zauna, sauka, sauro, auduga, aure, tsohon ƙasar Katsina zamna yake cewa, da sabka, da sabro, da abduga, da amre. Kanawa garin saurin ciniki suka haɗiye baƙaƙen. Ku da kuke bakin iyaka, ƙafa ɗaya a Katsina ɗaya tana leƙen Bici, na san akwai masu zamna a gida su zauna a Kwari, ba zan faɗi suna ba. To dabarar da ta gano b a cikin sauka ba tare da an je Katsina ba, aka zo Katsina aka same ta zaune daram, ita ce dai aka bi aka gano kakan mate. Masana ma ba su ɓoye cewa hasashe ne ba: tauraro suke sa wa irin wannan kalma a gaba, alamar ba a same ta a rubuce ba, lissafi ne ya kai gare ta.

Ita mutu ɗin ma ba ta tsira daga dokokin gida ba. A Hausa t in ta haɗu da e ko i sai ta koma c: sata ta ba da sace, fita ta ba da fice, mota ta ba da motoci. Haka tushen nan ya ba da ya mace, da mace-mace, da mamaci, amma jam'i ya dawo mamata. Masu neman tsokana da ke cewa ai shi ya sa ake ce wa 'ya mace mace, su saurari muryarsu da kyau in suna faɗar kalmomin biyu, karin sautin ba ɗaya ba ne. In kuma sun ƙi ji, su je su maimaita wannan ilimi a cikin gida da azahar kafin a sauke tukunya.

Saura ku malamai, masu cewa daga Larabci aka aro. A nan sai na sassauta murya, domin kun fi samari kusa da gaskiya nesa ba kusa ba. Lallai mutu da māta suna da alaƙa. Sai dai ba alaƙar mai aro da mai ba da aro ba ce.

Ba wanda ke musun Hausa ta ci bashin Larabci har wuya, kuma a fagen mutuwa bashin ya fi ko'ina yawa. Likkafani, jana'iza, kabari, ta'aziyya, ajali, wafati, lahira, duk da Musulunci suka shigo, wasunsu ma har yanzu suna ɗauke da guntun al ɗin Larabci a goshi, kamar yadda littafi da lafiya da labari suke ɗauke da shi. Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun iso zamanin Sarki Yaji, tsakanin 1349 da 1385. Shehu Maghili ya ratsa Kano da Katsina a ƙarshen ƙarni na 15. To kafin nan fa? Ashe mutanen ƙasar nan ba sa mutuwa, ko kuwa in mutum ya daina numfashi sai a tsaya ana nuna shi da baki har a jira baƙi su kawo kalma? Gawa tamu ce, kushewa tamu ce. Ku je ƙasar Mani ku ga Durɓi ta Kusheyi, tuddan kaburburan manya da aka tona a 1907 aka sake tonawa a 1992. Sunan wurin ma da kalmar gida aka raɗa shi. Mutane sukan ari sunan abin da ya zo musu sabo, alƙalami, albasa, sabulu. Ci da sha da mutuwa ba sa jiran fatake. Ku duba ƙidaya: ashirin zuwa casa'in na Larabawa ne, amma ɗaya zuwa goma ba su suka kawo mana ba.

In wannan bai ishe ku ba, mu hau Filato. Angasawan Pankshin da Mwaghavul na Mangu suna da mut. Mu gangara Yobe, Bolawan Fika suna da motu, Ngizim na Fataskum ma m da t ɗin nan ce. Wane Balarabe ne ya bi duwatsun Filato gida gida yana koya wa mutane yadda za su ce wane ya mutu, ya kuma manta bai koya musu sauran Larabcin ba? Harsunan nan, sama da 150, su ne ake kira dangin Cadi, Hausa ce babbarsu a yawan jama'a. Paul Newman da Roxana Ma sun jera kalmominsu da dokokin sautinsu a 1966, Newman ya faɗaɗa aikin a 1977, kuma ba daga nesa ya yi leƙe ba, a Kano ya zauna yana jagorantar Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a kwalejin da ta zama Jami'ar Bayero. Kalmar mutuwa tana cikin waɗanda aka gano tun kakan harsunan Cadi take.

Shi kuma dangin Cadi reshe ne na wani gida da ya fi shi girma, wanda Joseph Greenberg ya tsara a 1950 ya kira shi Afro-Asiya, ya kuma tabbatar a littafinsa na 1963. A nan ne za ku gamu da Larabci, zaune a matsayin ɗan uwa. Ibrananci yana da met. Amharik na Habasha yana da mota. Buzayen da ke gadin shagunanku suna da emmet. Tsoffin Misirawa sun sassaƙa m da w da t a bangon kaburburansu fiye da shekara 4,000 da suka wuce, mutanen Akkad na Iraƙi suka danna mâtu a kan allunan yumɓu, a garin Ugarit na gaɓar Siriya kuwa, wanda aka fara tonawa a 1929, gunkin mutuwa Mot ne sunansa. Waɗannan ukun na ƙarshe sun riga rubutun Larabci zuwa duniya da nisa. Masana da yawa suna ƙiyasta cewa rabuwar gidan nan ta haura shekara 10,000.

Malam zai ce, ai kai ma kalma ɗaya ka riƙe, kamar samarin da ka gama yi wa dariya. A'a, Allah gafarta, ni da rakiya na zo. Gidanka, gidanki, gidanku. A Larabci baituka, baituki, baitukum. Ya tafi, ta tafi. Yaktubu, taktubu: y ta namiji, t ta mace. Ma ɗin da ke gina sunan wuri da na kayan aiki, makaranta, majema, mabuɗi. Maktab, masjid, miftah. Irin waɗannan ƙashin bayan nahawu ne, da wuya a are su. Ga kalmar suna, ga ism na Larabci, ga shem na Ibrananci. Mi ɗin nan taku ta Katsinanci da mā. Harshe, wanda ku kuke ce wa halshe, da lisān da iles na Buzaye. Kun ga l ɗinku ta fi r ɗin Kanawa kusa da asali, ku riƙe wannan ku yi musu gori da shi. Huɗu, wadda wasu ke ce wa fuɗu, ta yi daidai da f da d da w na tsohuwar Misira, alhali Larabci arba'a yake da ita. Ƙashi ya yi daidai da q da s na Misira, alhali Larabci azm yake cewa. Da aro ne daga Larabci, ta ina Hausa za ta samo abin da Larabcin kansa ba shi da shi?

Wanda kuma ke shirin cewa duk wannan ƙulle-ƙullen Turawa ne don a rage wa Larabci daraja, ya koma ya buɗe Ihkam na Ibn Hazm, malamin Andalus da ya rasu a 1064. Shi da kansa ya lura cewa Larabci da Ibrananci da Suryananci asalinsu harshe ɗaya ne da ya sauya saboda masu shi sun rarrabu a garuruwa. Kafin shi, a ƙarni na 10, Yahuda ibn Ƙuraish na Tahart a Aljeriya ya jera Ibrananci da Aramiyanci da Larabci, har ya taɓo harshen Berber. Darajar Larabci daga Alƙur'ani take, ba ta buƙatar a ƙwace wa Hausa kalmominta a ƙara mata.

Na san Bayajida yana nan a maƙogwaron wani mai son cewa shi ya zo mana da kalmar, bari in taimaka masa ya fito. Ko a yadda ake ba da labarin, ai bai tarar da Daura kango ba. Ya sami sarauniya a kan gado, ya sami rijiyar Kusugu, ya sami tsohuwa Ayana da ta shaida masa ba a samun ruwa sai ranar Juma'a. Da wane harshe ta shaida masa? Mutum ɗaya da doki da takobi yana iya kafa gidan sarauta, amma bai isa ya sauya wa mata harshen da suke yi wa 'ya'yansu rarrashi da shi ba.

Alhazai, ku ne za ku fi jin daɗin abin da ke tafe. 'Yan Indonesiyan nan da kuke haɗuwa da su a Mina, ƙanana masu tafiya a jere riƙe da mayafin juna, harshensu ɗan uwan Maori ne na jini, kuma su ma sun ci bashin Larabci irin namu. Suna da jenazah, suna da kubur, suna da wafat da ajal. In ana sanarwar sallar gawa a Harami, kai da su kalma ɗaya kuke ji kuke ganewa. Har maut sun aro, da mayat don gawa. Amma mati tasu ta gado tana nan kusa da maut ta aro, kowace da aikinta, kuma ba su rikita su. Ga harshe ɗaya ɗauke da kalmomi biyu masu kama da juna kamar an tsaga kara, ɗaya ta zo daga Taiwan a kwale-kwale, ɗaya ta zo daga Hijaz a cikin littafi.

Wani mai wayo zai ce, ai ka ambaci Madagaska, Madagaska kuwa Afirka ce, ga hanyar da kalmar ta bi ta fita. Kibiyar taka ta juya baya, ɗan'uwa. Otto Dahl ya nuna a 1951 cewa harshen da ya fi kusa da na Madagaska shi ne Ma'anyan na tsibirin Borneo. Daga gabas suka ƙetaro tekun Indiya suka sauka, da maty ɗinsu a baki, fiye da shekara 1,000 da suka wuce. Shigowa ta yi, ba fita ba.

Kada samarinmu su ji kunya da yawa, manya masu gemu da digiri sun riga su faɗawa wannan rami. Wasu 'yan mishan na farko a Niyuzilan sun ɗauka Maori ɓatattun Bani Isra'ila ne. A 1885 wani Bature, Edward Tregear, ya buga littafi sukutum yana cewa daga Indiya suka fito, dangin Turawa ne, hujjarsa kuwa kalmomi masu kama da juna da ya tsinto nan da can. Bai daɗe ba wani lauya, A. S. Atkinson, ya ɗauki dabarar tasa ya yi masa shaƙiyanci da ita, ya nuna cewa da irin wannan tsince-tsince ana iya mayar da Maori dangin duk wanda aka ga dama. Da su biyun sun san Hausa, da yanzu akwai babi a kan Kusada.

Na hango Ardo can gefe yana murmushi da sandarsa a kafaɗa, yana jira in gama ya ce to mu fa, da muke cewa o maayi, ga m a gaba, ga ma'ana daidai? Ardo, zama wuri ɗaya da auratayya sun haɗa mu, har ba a iya bambance jinin wani da na wani a ƙasar Kankiya, amma Fulfulde gidanta daban, danginta na kusa Serer da Wolof ne can Senegal. Faransawan da suka mulki Maraɗi ma mort suke cewa, Farisawa mord, su kuma nasu gidan na Indiya da Turai ne. In m da mutuwa sun isa shaida, to duniya duka gida ɗaya ce, sai a rufe sashen nazarin harsuna na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a mayar da shi wurin sayar da katin waya.

Wanda har yanzu bai gamsu ba, ban ce ya yarda da ni ko da Bature ba, gwajin ba ya cin ko sisi. Angasawa ba su da wuyar samu, sun daɗe a aikin soja da ɗan sanda, ga kuma 'yan hidimar ƙasa da ake turowa makarantunku daga Filato da Yobe. Ku sami ɗaya, ku gaisa, ku tambaye shi yadda ake cewa mutuwa da suna da harshe da huɗu a yarensu, ku ji da kunnenku. Sai dai ina roƙonku, in a shingen Gidan Mutum Ɗaya kuka same shi da bindiga a rataye, ku fara da huɗu.